Jan Ɗigo a Dajin Salme

Võru, 12 ga Satumba

Zuwa ga 'yata Maarika,

Kafin komai, ga gargaɗi: wannan wasiƙa ke kaɗai za ki karanta, kada ki fassara wa kowa ita a can Debrecen ta Hungary inda kike karatu. Bayan haka, gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, kina kuma sa safa mai kauri. Babanki Endel yana gaishe ki. Bai faɗa ba, amma na ga alama.

Ɗalibar da aka aiko mana daga Hungary a madadinki ta iso, tana kwana a ɗakinki. Sunanta Boglarka. Masana sun ce mu da su da mutanen Finland tsatsonmu ɗaya. Ban musa ba, ni ma na yi sakandare, amma dangin da ya yi shekaru dubbai bai leƙo ba, bai kamata ya fara da sumbatar mutum a kumatu biyu ba. Babanki ya ja da baya har ya taka kyanwa. Komai sai ta barbaɗa masa jan barkono, kuma maganar da take yi kafin karin kumallo ta fi wadda ni da babanki muka yi tun bikin Ista.

Amma tana da tarbiyya. Ta ga gwiwata na ciwo, ta karɓi kwandona ban roƙa ba. Shi ya sa jiya na kai ta daji, wurin da nake tsinkar naman kaza, wanda ke tsirowa a gindin itatuwa. Kin san darajar wurin nan. Daga kakarki na gaje shi, ke ma sai da kika cika sha takwas na nuna miki, babanki kuwa shekara talatin da ɗaya muna tare bai san hanyar ba. Maƙwabciyarmu Hilja ta sha bin sawuna da kekenta, na sha ɓatar da ita a fadama. Yarinyar ta yi ta murna tana rubutu a ɗan littafinta. Ɗalibin ƙwarai ba ya rabuwa da fensir. Ki yi koyi da ita.

Mahaifiyarki,
Salme

Võru, 17 ga Oktoba

Maarika,

Ina fatan kina lafiya. Ni kam jiki ne kawai ke lafiya. Na janye maganar fensir.

Yau aka buɗe Makon Dangi a zauren taron ƙauye, aka ce kowane baƙo ya nuna abin da ya fi burge shi a wurinmu. Malamar da ta zo daga Finland ta kawo hotunan ɗakin wankan zufa, don tana da hankali. Boglarka ta kawo taswira, faɗinta ya kai ƙyaure. Ga cocinmu, ga gada, ga tsagaggen dutsen nan, ga itatuwa uku masu farin ɓawo, sai jan ɗigo kamar ƙwai, an rubuta a ƙarƙashinsa: "Taskar Mama Salme." Har yawan taku ta ƙirga.

Hilja ta sa tabarau, ta tsaya gaban taswirar ta fi minti goma. Ta juyo ta ce, "Salme, ashe bayan dutsen ne? Ni da nake ta nutsewa a laka har gwiwa! Allah ya bar zumunci." Kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto. Babanki ya duba ya ce, "Nan ne?" Kalma biyu, amma sun fi mari zafi.

A gida na tambayi yarinyar wa ya ba ta izini. Ta ce, "Mama, ai ba ki ce sirri ba ne." Wa ke faɗi? A ƙasar nan ko jariri ya san ba a tambaya, ba a nunawa. Na yi shiru don na ɗauka dangi sun sani. Ta yi kuka har ta jiƙa mini baƙin burodi.

Mahaifiyarki,
Salme

Võru, 24 ga Oktoba

'Yata Maarika,

Gaisuwa da fatan alheri. Tarinki ya tafi? Ki sha zuma.

Kin san ba na ƙarya, ban kuma koya miki ba. Washegarin taron da sassafe Boglarka ta ce za ta je ta gyara taswirar, ta rubuta cewa ita baƙuwa ce ta rikita gabas da yamma. Ta tambaye ni ina za ta mai da ɗigon. Ban ce mata komai ba. Yatsana ne dai ya sauka a kan takardar, kuma ya sauka daidai wurin da Hilja ke tsinkar nata naman kazan, bayan tsohon injin niƙa, wanda na sani shekara ashirin ban taɓa tsinkar ko ɗaya ba.

Mutane suka ɗunguma can, suka cika kwanduna, suka yaba wa yarinyar da ta amsa kuskurenta. Wurina ya tsira daga kowa, ban da mutum ɗaya.

Ran Litinin Hilja ta shigo ba sallama, ta zauna, ta sha kofi biyu na gahawa. Sannan ta ce, "Tsohuwar dila, kin tura mutane wurina, don haka naki wurin ya zama nawa duk Talata da Juma'a." Na ce Talata kawai. Ta ce to bari ta je ta gyara gyaran. Na ce da Juma'a. Yanzu gadon kakarki rabi ne, kuma laifin bai wuce ni ba. Da na buɗe baki na faɗi kalma ɗaya a daji, da ba mu kai nan ba. Boglarka ta dafa mana naman kazan da jan barkononta, Hilja ta ƙara sau biyu. Ba zan ɓoye miki ba, ya yi daɗi.

Ke ma duk abin da aka nuna miki a can, ki tambaya kafin ki rubuta. Ga kuma dokar gidan nan daga yau, na manna ta a ƙofar kicin da harsuna uku: duk dangi, na kusa da na shekaru dubbai, ya ci, ya kwana, ya yi wankan zufa, sumba ma na yarda da guda ɗaya. Amma mai bi na daji zai ajiye fensir da waya a kan tebur, kuma zan gaya masa da bakina cewa sirri ne. Babanki ya ajiye fensirinsa tun jiya, yana jira. To, bari ya ci gaba da jira.

Mahaifiyarki mai ƙaunarki,
Salme