Maganar 'Yan Masaƙa

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya ƙafa, ya aikin gadi? Na zaɓi in rubuto ne don na san in na buga waya sai dai ka yi ta "Iye? Iye?" har mu gaji mu ajiye.

Baba, jikarka takwarar Inna ta tashi daga sanƙarau, mun gode Allah, amma ciwon ya tafi da kunnuwanta. Likita ya ce ba za su dawo ba. Yarinyar da ke hana mu sakat da surutu yanzu bayan ƙofa take wuni, kamar tsintsiyar da aka jingine. Da farko tana magana, sai ta ga bakinmu na motsi ba ta jin komai, ta yi kuka har ta gaji. Yanzu ko ruwa take so sai dai ta nuna. Tsoro nake kada maganar ta mutu a bakinta gaba ɗaya.

Ka zo ka zauna da mu. Na share maka ɗakin da ke kusa da famfo. Masaƙar nan ta mutu tun Inna na da rai, kai da ka yi ƙuruciyarka kana juya injinanta, yau ka koma gadin gawarta da sanda. Ya isa haka.

Maigidana yana gaishe ka. Wassalam.

'Yarka, Auta.

*

Zuwa ga Auta,

Wa'alaikumus salam. Na ga takardarki, na karanta, na ninke, na sake buɗewa. Allah ya sa kaffara ne. Ki shafa mini kan mutuniyata, ki ce mata ta shigo sahunmu, kakanta ma injin ya daɗe da cinye masa kunne ɗaya da rabi.

Zancen zuwa kuma, ki yi haƙuri. Zan faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba sai Dogo abokin gadina, shi ma dariya ya yi mini.

Kin san zauren saƙa ba a jin magana. In injina suka tashi, ko ihu kika yi a kunnen mutum ba ya ji. Don haka mu 'yan masaƙa da leɓe muke hira, babu murya, daga wannan bango zuwa wancan. A haka na nemi uwarki. Injinta yana layin taga, nawa yana bakin ƙofa, duk abin da ya haɗa mu a kan kawunan mutane ya wuce. A haka muka yi faɗa, a haka muka shirya, a haka ta gaya mini tana da cikinki.

To, Auta, tana nan. Kullum da la'asar, in rana ta shigo ta inda kwanon rufi ya yaye, sai in gan ta tsaye gaban injinta, da ɗankwalin nan da auduga ke maƙalewa, tana ƙulla zaren da ya tsinke. Babu zare a injin, tsatsa ce kawai da kashin tattabaru, amma hannunta na ƙullawa. Ba ta tari kamar yadda ta yi a ƙarshe. Abu ɗaya ne: baya take ba ni. In na matsa sai wurin ya zama hasken rana kawai. Don haka nake tsayawa bakin ƙofa ina jira ta juyo. Ranar da ta cika a asibiti an rufe mata baki da abin numfashi, tana ta motsa leɓe a ƙarƙashinsa, ni da na karanta bakinta duk rayuwata ban ga ko kalma ɗaya ba. In na tafi ta juyo ba kowa fa?

Kada ki ce tsufa ne. Na san tsufa, a gwiwa yake zama.

Allah ya yi muku albarka.

Babanki.

*

Baba,

Ina gaishe ka. Ban ce tsufa ba ne, ban kuma ce ƙarya ba ne. Na yi kuka da na karanta, sannan raina ya ɓaci, kuma ba zan ɓoye maka ba.

Kana can kana jiran wadda ta ba ka baya, ga mai sunanta nan ta zuba wa bakin kowa ido. Jiya ina wanke-wanke ta zo ta ɗora yatsa a leɓena, ta tsare ni da kallo, so take ta gane. Na buɗe baki ina ja mata kalma kamar mai kiran awaki, ta ture ni ta koma bayan ƙofa. Ban iya ba, Baba. Abin da na koya daga Inna bai wuce "za mu haɗu a gida" ba, wanda take jefo mini daga nesa in na yi rashin ji a gaban baƙi.

Kai ka iya. Duk duniya ban san wani da ya rage da wannan abu a bakinsa ba sai kai. In Inna ta juyo ta tarar ka bar jikarta a bayan ƙofa, kai ka fi ni sanin abin da za ta ce, kuma ba sai ka karanta ba.

Ka yafe mini in na yi tsauri. Ɗakin yana nan a share.

Auta.

*

Zuwa ga Dogo,

Sallama da gaisuwa irin ta abokan wahala. Ya gadi, ya tattabarunmu? Na san kana cewa na gudu na bar ka da sauro. Haka ne, kuma ban yi nadama ba sai da la'asar.

Ranar da na iso, yarinyar ko kallona ba ta yi ba. Ban matsa mata ba. Na zauna can ƙarshen tsakar gida, nesa, kamar tazarar injina da na kakarta, na jira ta ɗago. Da ta ɗago na ce mata da leɓe kawai, "Mummuna." Ta ƙura mini ido. Na sake. Dogo, sai yarinyar nan ta murguɗa baki ta ce da murya, har uwarta ta saki kwano, "Kai ne mummuna!" Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, don bai kamata jika ta ga kakanta yana kuka ba.

Yanzu ta fi ni tsegumi. An sa ta makarantar kurame, ni ke raka ta. Malamarsu ta ga muna hira daga bakin ƙofa zuwa cikin aji, ta ce in riƙa zama ina nuna wa waɗanda suka kurumce bayan sun iya magana. Ita kuma tana koya mini maganar hannu, yatsuna sun yi tauri, yara na ta yi mini dariya. Wai Malam suke ce mini. Ni da na ɗauka daga saƙa sai gadi, daga gadi sai kabari.

Amma in rana ta karkata, hankalina masaƙa yake komawa. Na ji an sayar da injinan ga masu sayen tsohon ƙarfe. Ina roƙonka abu ɗaya, ko da dariyar za ka yi. Kafin su kai layin taga, ka tsaya bakin ƙofa da la'asar ka ce mata, ba da murya ba, takwararta ta yi magana. Ka ce ba gudu na yi ba.

Ka gaida iyali.

Abokinka, Kurman Ƙofa.

*

Malam,

Na gaishe ka. Jiya suka yanka layin taga. Kafin su fara na tsaya inda kake tsayawa, na faɗi saƙonka yadda ka ce, ina jin kaina kamar wawa.

Na daina dariya. Ta juyo.

Ta yi magana, gajeriya, ta maimaita a hankali don ta ga ban gane ba. Ka yafe mini, ni mai gadi ne, ban taɓa aiki a zauren ba, ban iya karatunku ba. Sai ta dubi bayana, wajen ƙofa, ta ga ba ka nan, ta yi murmushi. Wannan kam ko ni na iya karantawa.

Yau da la'asar na koma. Rana ce kawai a ƙasa.

Ka gaida yarinyar.

Dogo.