Hoton Gidan Katako

Daren Laraba, tsakiyar Sha'aban, unguwar Anbariyya, ƙasar Larabawa

Na kasa barci. Yau a mustashfa, asibitin da nake aiki, aka miƙo mini wasiƙa daga Ingila. Tsohuwar da muka zauna a benen gidan gonarta, lokacin da nake ƙarin karatun likita, ta mutu. Ɗanta ne ya rubuto, ya haɗo da hoton gidan.

Yana nan yadda na san shi. Baƙaƙen ginshiƙan katako sun ratsa farin bango, benen ya turo gaba kamar zai rufto, ƙofar kuwa sai an sunkuya ake shiga. Tagar hagu ce ta ɗakinmu. A nan ɗanmu na fari ya rasu yana wata bakwai, ni likita ina tsaye ina kallo. Tun la'asar nake jin ƙarar katakon daɓen nan, yadda yake yi idan matata Rabi tana kai da kawowa da shi a kafaɗa. Tsohuwar ce kaɗai ke share kabarinsa. Yanzu wa zai je?

Na so ɓoye wa Rabi, amma bayan isha'i 'yarmu Hanan ta tsinci hoton a aljihuna. Ta tambaya da Larabci, kamar kullum, wai gidan wane ne. Shekararta goma sha uku, ba mu taɓa gaya mata tana da yaya ba. Rabi ta shigo da faranti, ta ga hoton, ta tsaya cik.

Na ce, "Zauna, Hanan. Gidan da aka haifi yayanki ne."

Rabi ta ajiye farantin a ƙasa, ta kama hannun Hanan. Ta ce, "Sunansa Sadiƙu."