Ɗaliba Mai Lamba Ashirin da Uku

Zuwa ga Goggona,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kina lafiya, ciwon gwiwar nan kuma ya lafa. Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan ƙalau muke. Baba yana shan maganinsa ranar da ya ga dama.

Kin san sakandaren da Baba ya kafa a bayan gari za ta cika shekara arba'in. Kwamitin biki ya ɗora mini rubuta tarihinta, wai ni ce mai digiri. Na ɗauka labarin da muka haddace ne: aji biyu, rufin kwano, allo ɗaya da ake yawo da shi tsakaninsu. Sai na buɗe rajistar farko a ofishin shugaban makaranta, na ga sunanki, lamba ashirin da uku. Shekara uku ana yi miki alamar zuwa, ko zazzaɓi ba ki taɓa yi ba. Goggo, sai da na nemi kujera.

Na tambayi Baba. Ya ce hukuma ta ƙi ba shi izini sai da ɗalibai talatin, shi kuwa ashirin da biyu gare shi, sai ya cike da 'yan gida. Har da Kaka, wadda a lokacin ta shekara biyu a kabari. Ita ma ba ta fashi. Na tuna masa cewa a shekarar kin yi ta roƙonsa ya sa ki aji, shi kuma ya ce miki to wa zai dafa wa malamai abinci. Ko kunya bai ji ba, ya ce ai bai yi ƙarya ba, kullum kina cikin harabar.

Yanzu kwamiti zai karrama 'yan ajin farko, yana neman adireshin mutum takwas da suka ɓace. Baba ya roƙe ni in tsallake shafin. Ƙarshen wata littafin zai tafi ɗab'i. Sunanki aka ara ba a tambaye ki ba, don haka ni ina tambaya: in rubuta, ko in rufa wa yayanki asiri? Ko me kika zaɓa, na sa sun ajiye miki kujera a sahun gaba, ba a bakin murhu ba.

Ki gaida Kawu da Yaya Babba da autarki mai karanta miki wannan.

Taki har kullum,
'Yar yayanki