Ba Zan Ɓoye Yankan Akuyata Ba

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Kasuwar Tumatir ta Bakin Kanal, hanyar Kura zuwa Bunkure.

Ranka ya daɗe, gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali da sauran 'yan kwamiti. Ni ce Saratu 'yar Filato, mai gidan abincin da ke gindin darbejiya, daura da inda motoci ke lodin kwanduna. Na zo ofishinka kan dokar da ka kafa ta hana yanka dabba a harabar kasuwa, aka ce ka tafi Kadawa. Na koma, aka ce kana taro. Shi ya sa na rubuto a fili, kowa ya ji.

Na farko, asalin yankan nan. Ranar da na fara ɗora tukunya a nan, tun wayar salula ba ta iso ƙauyukanmu ba, 'yan dako sun tsaya nesa suna kallon miyata, babu wanda ya zauna. Wani saurayi a cikinsu, da gammonsa a hannu, ya matso ya tambaye ni wa ya yanka naman. Ban ji haushi ba. Ni Kirista ce, baƙuwa, su kuma Musulmi, haƙƙinsu ne su san abin da zai shiga cikinsu. Washegari na kira Malam Sule mahauci, ya kayar da akuya a gindin bishiyar, ya fuskantar da ita alƙibla, ya yi bisimilla da ƙarfi, ya yanka kowa yana gani. Tun daga ranar haka muke yi kowace safiya. Mai tafiya gona ya gani, direban da ya kwana a mota ya gani, da rana su dawo su ci tuwo da farfesu hankali kwance.

Na biyu, maganar ƙudaje. An ce mini jinin akuyata ne ke tara su. Alhaji, a rami muke tara jinin, mu zuba toka, mu rufe da ƙasa kafin rana ta ɗaga. Amma tsibin ruɓaɓɓen tumatir da dillalai ke jibgewa a bayan ofishinka duk lokacin da kasuwa ta cika, wanda ruwansa ke gangarawa har cikin kanal, shi turare yake fitarwa? Ko ƙudajensa 'yan kwamiti ne, ba a taɓa su?

Na uku, abin da dokarka ta jawo mini. Na bi umarni, kada a ce baƙuwa ta raina shugabanni. Yanzu daga mayankar Kura ake kawo mini nama a bayan acaɓa, a ƙulle cikin buhu. Naman halal ne, Malam Sule ne ma ke zaɓo shi. Amma ido bai gani ba. Ba a jima ba aka fara raɗe-raɗin wai mushe nake dafawa. Bencina da ba ya isar leburori a lokacin tsinkar tumatir, yau kaji ne ke hawansa. Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne Baba Ɗanladi, dattijon manomin shinkafa da ya daɗe yana kirana 'yata. Shekaranjiya ya zo, ya sunkuyar da kai, ya ce a zuba masa tuwo da miya amma kada a sa nama. Na zuba masa, na shiga bayan rumfa na yi kuka.

Mai gidan abinci ba ta da albashi, ba ta da ubangida. Ni ce mai sayen itace, ni ce mai tashi tun asuba, ni ce mai sallamar Talatu da Hanne da ke taya ni tuƙi da wanke-wanke, kuma da wannan aikin suke riƙe 'ya'yansu. Jarina ba tukwane ba ne, yardar mutane ce. Ita kuwa a gindin darbejiyar nan na same ta, kuma ita ka rufe da takarda guda.

Ga roƙona. Ka janye dokar nan, ko ka turo duba-gari ya leƙa ramina, duk gyaran da ya ce zan yi. Ka sa a kwashe tumatirin bayan ofishinka. Sannan ka faɗa da bakinka a gaban 'yan kasuwa cewa ba a taɓa kama Saratu da mushe ba.

Ko ka amsa ko ka yi shiru, ina sanar da kai cewa ranar Litinin da safe Malam Sule zai kayar da akuya a inda ya saba. In za ka sa a garƙame mini rumfa, ka zo da kwaɗonka. Gara a rufe ni kan na yanka a fili, da in rufe da kaina ana ce mini mai mushe.

Ka zo da kanka, Alhaji, kada ka aiko. Ba za ka ɓata hanya ba, domin kai ne saurayin nan mai gammo. Tambayarka nake amsawa kowace safiya, kuma ba zan daina ba.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka ikon yin adalci, ya sa a gama noman ranin bana lafiya.

Wassalam.
Saratu mai tuwo, gindin darbejiya.