Baban Nafisa Bai Tafi Abijan Ba

Tawa, daren Alhamis, watan Rajab

Raina ya ɓaci yau har na kasa cin tuwo. Tun da Allah ya karɓi ran ƙanena Idi, Inna ta ce wa ɗiyarsa Nafisa wai ya tafi Abijan cin rani. Na ce, "Inna, ƙarya ce fa." Ta ce yarinya ce, za ta manta.

Ba ta manta ba. Yau maƙwabcinmu Malam Sani ya dawo daga Abijan, Nafisa ta ruga ba takalmi, ta riƙe masa riga: "Ina Babana?" Dattijo da gemunsa, ya dubi Inna, sannan ya ce wa yarinyar, "Yana gaishe ki, sai damina." Har alawa ya ba ta, wai tsarabar Baba. Ta ƙi sha, ta kai wa uwarta da ke takaba ta gani. Uwar ta juya fuska bango.

Ni da ba a jin muryata a gidan nan, na ɗaga wa Inna murya. Astagfirullah. Amma in damina ta sauka, kowa ya dawo noma, mi za mu ce wa Nafisa? Mun hana marainiya yi wa ubanta addu'a don mu tsira daga kukanta.

Bari in ci tuwon nan ko ya huce, ina bukatar ƙarfi. Gobe zan ɗora ta a cinya in gaya mata. Gara ta yi kuka a jikina da ta yi ta tsayuwa a ƙofa.