Sai Ranar Kasuwa

Bunkure,
20 ga Maris, 1984

Aminiyata Ummulkhairi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yaran. Yaya zafin Kaduna? Mu nan lafiya lau, an yanke alkama an sussuke, kowa ya sami sararin numfashi ban da ni.

Ke dai bari! Malam ya ɓullo mana da sabon salo. Kin tuna Baturen nan da suke aikin hanyoyin ruwa tare? Da zai koma ƙasarsu ya bar masa wani koren tanti, to tun ranar ba mu huta ba. Wai sai ya kwashe mu, ni da 'yan matan nan biyu, babbar da auta Saude, mu je mu yi kwanaki a wani tsibiri cikin babbar madatsar ruwa. Na ce masa mutum da ɗakinsa da gadonsa ya tafi ya kwana a daji kamar korarre? Ya ce ba daji ba ne, tudun garinsu ne na dā wanda ruwa ya cinye, mangwaron da kakansa ya dasa yana nan tsaye, yana so yaran su gani. Da ya faɗi haka sai na amince.

Amma wallahi gabana faɗuwa yake yi. Kin san ni da ruwa, ko lambatun bayan gidanmu ba na tsallakawa sai na yi bismilla. Ba wanda ya iya iyo a cikinmu, har shi mai gayyar. Ya yi magana da wani masunci ana ce masa Dattijo, shi zai kai mu a kwalekwale, ya dawo ya ɗauko mu ranar kasuwa. Saude kuwa sai tsalle take yi tana waƙar za ta ga kifi. Na daka garin kunu, na soya ƙuli, na ɗaure shinkafa. Ki sa mu a addu'a.

Taki,
Kulu

Daga tsibiri

Ummulkhairi,

Ina gaishe ki, ina fata kuna ƙalau. Ban san ranar da wannan takarda za ta same ki ba, rubutawa kawai nake yi don kada zuciyata ta fashe.

Da farko kam ba laifi, ba zan ɓoye miki ba. Wurin yana da kyau. Ga giginya, ga goruba, ga mangwaron ya yi 'ya'ya har rassansa na taɓa ƙasa. Malam ya zagaya da mu gaɓar tsibirin kaf, yana nuna mana ruwa yana cewa nan masallaci yake, can marina, can gidan Iyarsa. Tantin ya faɗo masa a ka yana kafawa, yaran suka yi ta dariya, ni ma na dara.

Shekaranjiya Saude ta tashi da ciwon kai. Na ce rana ce, na ba ta ƙwayar zazzaɓin da na taho da ita. Jiya jikin ya yi zafi rau, tana amai, ba ta son haske, in na ɗaga kanta sai ta ƙwala ƙara. Wuyan ya sandare, Ummulkhairi. Kin san abin da nake tsoro a wannan zafin, ba zan ma rubuta sunansa ba.

Jiyan nan kuwa ita ce ranar kasuwa. Tun da safe muka naɗe tanti, muka ɗaure kaya, muka zauna a bakin ruwa. Azahar ta yi, la'asar ta wuce, babu Dattijo babu alamarsa. Yau ma haka. Muna hango masunta can nesa kamar ƙudaje. Na ɗaura zanena a sanda na yi ta kaɗawa har kafaɗata ta gaji. Malam ya tara ɗanyen ganye ya tayar da hayaƙi, ba wanda ya juyo. Daga baya shi da kansa ya ce ai in masunta suka ga hayaƙi a tsibiri, cewa za su yi wani ne yake bandar kifi.

Ɗazu ya tuɓe riga wai zai rungumi kututturen giginya ya haye. Na riƙe shi, na ce in ya shiga ruwan nan gawa biyu zai bar mini. Ya zauna daɓas ya rufe fuska. Tunda nake da shi ban taɓa ganin hawayensa ba sai yau. Ina jin haushinsa, ina kuma jin tausayinsa, na rasa wanne ya fi. Babbar tana ta jiƙa ɗankwali tana ɗora wa ƙanwarta a goshi. Shinkafar ma ta kusa ƙarewa, amma wa yake ta abinci?

Ki yafe mini in akwai wani abu tsakaninmu.

Kulu

Bunkure,
16 ga Afrilu, 1984

Aminiyata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da iyalinki. Na haɗo miki da takardar da na rubuta a tsibiri, ki fara karanta ta. Kada hankalinki ya tashi, Saude tana raye, mun dawo gida daga asibiti.

Dattijo ya zo, amma sai da muka ƙara kwanaki. Ya taho da fara'arsa, har da tsarabar kifi ga yara. Na tare shi tun bai taka ƙasa ba, na zazzage masa abin da ke bakina, Allah ya yafe mini. Bawan Allah ya rantse bai saɓa alkawari ba, ai yau ce ranar kasuwa. Ashe shi mutumin ƙetaren ruwa ne, kasuwar ƙauyensu yake nufi, mu kuma tamu ta Bunkure muke lissafi. Da suka yi sallama da Malam kowa ya ce sai ranar kasuwa, ba wanda ya tambayi ta wane gari. Da ya ga yarinyar sai ya kwashe mu, ya yi ta tuƙi har numfashinsa na sarƙewa, shi ya saɓo ta a kafaɗa har bakin titi.

Sanƙarau ne. Likita ya ce Allah ne ya yi da sauran kwananta. Malam ya jefa tantin a rumbu, ba ya iya haɗa ido da ni, ni kuma na gaji da neman mai laifi.

Saude tana ci, tana tafiya, har wasa tana yi da yayarta. Sai dai jiya tana zaune a tsakar gida na tsaya a bayanta na kira sunanta, ba ta waiwayo ba. Na ɗaga murya. Na ɗauki murfin tukunya na sake shi a ƙasa, kaji suka watse, ita ko gezau. Likita ya ce mu jira, wataƙila jin ya dawo, wataƙila kuma shi ke nan.

Tana ta tambayar yaushe za ki zo, ina ba ta amsa, tana sake tambaya. Don Allah ki zo. In kin shigo, kada ki kira ta daga zaure yadda kika saba, ki zagayo ta gabanta tukuna.

Ki gaida maigidan da yaran.

Taki har kullum,
Kulu