Nauyin Narsih

Litinin, 2 ga Oktoba

Kwali ya iso. Sai da muka kawar da kantar littattafan tarihi kafin ya samu wuri a shago. Ba komai, dama babu mai sayensu.

Keken matata Narsih ne, a wargaje: gangar jiki daban, tayoyi daban, kai daban, ga ledoji cike da notuna. Irin keken nan ne da ba a ƙera shi don zuwa ko'ina ba sai don gangarowa daga dutse. A ɗora shi a a-kori-kura a kai shi can sama, mutum ya hau ya sako kansa ƙasa ta tsakanin itatuwa. Na tsufa cikin littattafai, ban taɓa cin karo da hujjar yin haka ba.

Ita ce ke so. Shekararta arba'in da tara, kuma a watan Fabrairu aka yi mata aikin sankarar mama. Kafin ciwon takan bi ƙawarta Ambar da sauran ƙawayensu dutse da keken aro. Yanzu nata take so, kuma tana so ta gangaro sau ɗaya kafin ruwan sama ya lalata hanyar, kafin kuma ta koma wurin likita a farkon watan gobe.

Na ce ni zan haɗa. Ta dube ni irin kallon da take yi mini in na ce zan gyara famfo.

Laraba, 4 ga Oktoba

Dalilin da na ba ta: in dai za ta faɗo daga dutse, gara notunan su zama na hannuna. Dalilin da ban ba ta ba: mai riƙe da sifana shi ke riƙe da lokaci. Ruwa kuma yana hanya.

Asabar, 7 ga Oktoba

Na karanta takardar bayanin haɗa keken kamar yadda nake karanta komai, da fensir a hannu. Wanda ya rubuta ta bai taɓa son kowa ba.

Cak Solikin, maƙwabcinmu mai gyaran babur, ya aro mini sifanar da ke yin ƙas idan noti ya ɗauru daidai. Ya zauna a kan buhun tsofaffin jaridu yana shan kofina yana ba ni shawarwari, duk na babur. Wai ina injin? Na ce babu. Wai to kuɗin na mene ne? Ya kuma ce kada in yarda a hau keken sai an dama kunun shinkafa ja da fari an raba, an kuma wanke tayoyin da ruwan furanni, kamar yadda ake wa kowane sabon abin hawa. Na ce masa tayar roba ba ta shan kunu.

"Kai dai Pak Gun, boko ya cinye ka," in ji shi. Ya ƙara kofi.

Na sa giris a inda aka ce, na ɗaura kai, na ɗaura tayar gaba. Na cire ta na sake ɗaurawa, don zanen tayar yana kallon baya. Wannan kuskuren gaskiya ne, ba jan lokaci ba. Ina so a san haka.

Lahadi, 8 ga Oktoba

Narsih ta shigo da soyayyen tempe, wainar waken soya, ta ajiye, ta matsa birkin dama. Tayar baya ce ta kama. Ta ce, "Mas, so kake ka kashe ni?" Mas take ce mini, wato yaya, yadda mata ke kiran miji a nan.

Masu ƙera keken sun sa birkin gaba a hagu, yadda suke yi a ƙasarsu. Ita kuwa shekara talatin tana kan babur tsakanin gida da kasuwar garinmu Batu, hannunta na dama ya san gaba ne nasa. A tsakiyar gangara ba a tsayawa tunani. Sai an sauya igiyoyin, an zuke iskar da ke cikin man birki. Na ce aikin kwana uku ne. Ta ce Ambar ta yi nata tsakanin azahar da la'asar.

Ta ci tempe ɗaya, rabi ma. Sauran ni da Solikin.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Birki ya kammala. Hannuna na warin mai, na bar tambarin yatsa a bangon wani ƙamus. Zan ce wa mai saye tsufa ne.

Saura sifirin na baya, wanda ke shanye duwatsu. Ba ya zuwa da keken, kowa da nasa, gwargwadon nauyinsa. Tun watan jiya na yi odarsa. Mai shagon da ke birnin Surabaya ya tambayi nauyin mahayin, na ba shi ba tare da na ɗaga kai ba. Tun muna amarci Narsih lamba ɗaya take faɗa in an zo maganar kilo, na haddace ta kamar lambar waya. Na kuma san tana ɗan ragewa, don haka na ƙara biyu daga aljihuna. Har na yaba wa kaina: ga miji da ya san matarsa ba sai ya tambaya ba. A gidanmu ba a yin irin wannan tambayar. Babana ya yi shekara arba'in da innata bai taɓa tambayarta ko ta gaji ba, sai dai ya karɓi tulun.

Asabar, 14 ga Oktoba

Ban san yadda zan rubuta na yau ba.

Ƙa'idar ita ce: mahayi ya sa duk kayansa, ya hau ya tsaya a kan feda, wani ya riƙe keken, a auna yadda sifirin ya nutse. Ya kamata ya nutse kamar kashi ɗaya cikin uku. Ambar ta zo ta riƙe kan keken. Narsih ta fito da hular kwano mai rufe haɓa, da sulken gwiwa, sai ka ce za ta yaƙi da maƙwabta. Na durƙusa da rula.

Ta hau. Keken bai ko lura ba.

Na ce ta saki jikinta. Ta ce ta saki. Na ce ta ɗan yi tsalle. Ta yi. Ya ɗan motsa, ya dawo ya tsaya ƙiƙam. Na fara zagin mutumin Surabaya, wai ya aiko da na ƙaton namiji. Ambar ta sunkuya ta karanta lambar da ke jikin sifirin, ta tambayi kilo nawa na faɗa. Na faɗa. Sai ta shiga duba taya.

Narsih ta sauko ta cire hular. Gashin nan gajere da ya fara tsirowa ya jiƙe da zufa.

"Mas, wa ka haɗa wa keken nan?"

Na ce ita.

"A'a. Matar bara ka haɗa wa. Ni ma ina kewarta, amma ba ita za ta hau ba."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Da ma da faɗa ne.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Wata takwas ke nan da yi mata aiki. Ni na kai ta asibiti, ni na zauna a benci ina karatu, ni na san sunan kowane magani da yadda ake rubuta shi. Rigunana take sawa tun watan Afrilu, na ɗauka sanyin Batu ne. Na ɗauka. Ma'aunin banɗaki ya ɓace, ban nemi inda ya shiga ba.

Yau na kalli wuyan hannunta tana yanka albasa. Agogon ya gangaro kusan gwiwar hannu.

Litinin, 16 ga Oktoba

Na tambaye ta. Na tsaya a ƙofar kicin kamar ɗan makarantar da ya fasa taga, na kira ta Dik, wato ƙanwa, yadda na saba, na ce, kilo nawa ne? Ta faɗa tana juya miya, ba ta waiwayo ba. Na riƙe ƙofa.

Sai ta ce, "Kada ka ƙara biyu."

Ashe ta sani.

Na kira Surabaya. Za su aiko da mai laushi, in mayar musu da wancan.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Sabon sifirin ya iso. Ɗan ƙarami, kamar na keken yara. Na sa shi a bayan littattafan falsafa, inda ko ɓera ba ya zuwa.

Ba tare da shi ba babu hawa. Da wancan mai taurin, dutse na farko zai cilla ta sama, Ambar ma ba za ta bari ba. Gajimare ya fara taruwa a kan dutsen Panderman da rana. Mako biyu kawai nake nema. Ruwa ya sauko, a rufe hanya, laifin ya zama na sama.

Ta tambaya ko ya zo. Na ce masu kawo kaya, kin san halinsu.

Juma'a, 20 ga Oktoba

An yi yayyafi bayan sallar Juma'a. Na ji daɗi. Sai na tarar da ita a bakin taga tana kallonsa, na daina jin daɗin.

Asabar, 21 ga Oktoba

Ta zo shago da rana tana goge keken da ba ya tafiya. Ba ta yi maganar sifirin ba. Ta ce tun Fabrairu kowa riƙe ta yake: likita, 'yan'uwa, mata a masallaci, ni. An ɗaga ta, an kwantar da ita, an juya ta, an auna ta. Ta ce ba ta ƙi ba, ta gode. Amma tana so sau ɗaya, kafin ta sake zama gaban likita ya faɗa mata abin da jikinta ya yanke, ta ji ita ce ke riƙe da shi.

"Minti biyar ne, Mas. Daga sama zuwa ƙasa."

Na ce in ta faɗi fa? Ta ce sai ta tashi. In ta karye? Ta ce aƙalla wannan ciwon ita ta zaɓo shi, kuma kowa ya san maganinsa.

Da za ta fita ta ce, af, in na samu lokaci in share ƙurar bayan littattafan falsafa.

Shekara ashirin da shida da aure. Ni ne dai ban san nauyinta ba.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Na ɗaura. Sifana ta yi ƙas. Ta hau, keken ya karɓe ta, ya nutse a hankali kamar katifar da ta san mai ita. Kashi ɗaya cikin uku, har da ɗan gashi. Na auna sau biyu don in daɗe a durƙushe, kada ta ga fuskata.

Na lura yatsanta da ƙyar yake kaiwa birki, maganin ya bar mata dindiris a yatsu. Na juya ɗan sukurun, na matso da hannun birkin kusa. Ba ta roƙa ba. Na gani ne.

Asabar, 28 ga Oktoba

Na dama kunu ja da fari. Ja ya yi yawan sukari, fari ya kama ƙasan tukunya. Na sayo furanni a bakin kasuwa, na zuba a bokiti, na wanke tayoyin, ina kaffa-kaffa kada ruwan ya taɓa birki. Solikin ya leƙo ta katanga ya tsaya yana kallona.

"Ashe roba na shan kunu, Pak Gun?"

Na ce ƙura nake wankewa. Ya ce to a miƙo masa kwanon ƙurar.

Lahadi, 29 ga Oktoba

Ban hau a-kori-kurar ba. Na tsaya a ƙasa, inda hanyar ke ƙarewa a gefen gonar tuffa, da littafi a hannu. Shafi ɗaya na buɗe, har yanzu ban san me ke cikinsa ba.

Ambar ta fara fitowa. Sai wata. Sai wata. Sai shiru. Na tuna kowane noti da sunansa, ina tambayar kaina ko na ji ƙas ɗinsa.

Sai ga ta. A hankali fiye da kowa, gefenta ɗaya duk jar ƙasa. Ta faɗi a kwana ta uku, ta tashi. Ta tsaya a gabana da birkin dama, tsaf, ta cire hula tana haki. Dariya take yi, irin wadda ke fito da haƙorin nan karkatacce. Na manta da haƙorin.

Ta ce sifirin baya yana ɗan dawowa da sauri, in rage masa. Ba sannu, ba na gode. Ƙorafi, kamar da.

A hanyar gida ta cinye kwanon bakso, romon curin nama, ta sa cokali a nawa.

Talata, 7 ga Nuwamba

Likita ya ce a dawo bayan wata uku. Bai ce ciwon ya tafi ba, bai ce ya dawo ba. Ya tambayi ƙujewar gwiwar hannunta, ta ce gyaran mijinta ne.

Ruwa ya sauko sosai.

Lahadi, 19 ga Nuwamba

An rufe hanyar dutse sai rani. Duk da haka kowace Lahadi takan sa hula ta hau keken a tsakiyar shago, in durƙusa da rula. Wai don kada sifirin ya manta da ita. Nakan tambayi kilo nawa, takan faɗa. Yanzu tambayar ba ta yi mini nauyi.

Yau ya nutse fiye da na makon jiya. Kaɗan ne, faɗin ƙumba. Wataƙila rular ce. Na koyi dafa rawon, miyar naman nan baƙa, baƙin ya fito daidai, ta ƙara.

Mutumin Surabaya ya kira yana neman tsohon sifirin. Na ce ya bar shi, na saya. Yana nan kan teburina yana danne takardu. Ba wai jiran wani abu nake ba. Takardun ne ke tashi in an buɗe taga.